Na Kashe Uwar Garke

Aikina a wancan lokaci shi ne zama cikin sanyi. Duk wanda ya tambaye ni a Gumel abin da nake faɗa masa ke nan, sai ya yi dariya ya ce Allah ya ba shi irinsa. Kullum da safe nakan hau babur daga gidan hayar da nake zaune in nufi Maigatari, in kutsa tsakanin manyan motocin da ke jiran tsallaka iyaka, in shiga harabar wani kamfani da ke riƙe bayanan motoci da kayan da suke ɗauka. A can ƙuryar ginin akwai wani ɗaki marar taga, ni ke riƙe da makullinsa. A ciki akwai injuna sama da goma, baƙaƙe, an jera su a kantocin ƙarfe, kowane yana ƙugi ba dare ba rana, ga na'urorin sanyaya ɗaki suna ta fama da su. A waje rana tana dafa mutane, ni kuma ina ciki da rigar sanyi.

Su waɗannan injuna a wurin aiki saba muke ce musu. Manyan kwamfutoci ne da ba wanda yake zama a gabansu, aikinsu kawai su riƙe bayanai, su miƙa wa ƙananan kwamfutocin da ke kan teburan ma'aikata duk lokacin da aka nema. Sai da aka tura ni wani kwas a Kano na ji malamin yana cewa ai saba tana da suna da Hausa, wai uwar garke, tunda ita ce sauran ke bi. Ajin ya fashe da dariya. Ni na fi kowa dariya, don cikin waɗanda ke zaune a wurin ina jin ni kaɗai ne saniya ta taɓa taka wa ƙafa.

A wata ruga na girma, a bayan Sule Tankarkar. Mahaifina, wanda muke kira Baffa, makiyayi ne tun tasowarsa. Mahaifiyarmu Inna Bahaushiya ce daga wajen Gagarawa, saboda haka Hausa aka fi yi a gidanmu, Fulatanci kuwa Baffa ya ajiye shi don shanu da kuma lokacin da ransa ya ɓaci. Shanun ba rana ɗaya suka ƙare ba. Gonaki suka yi ta cin burtali, rani ya ɗauki nasa, jinyar Inna ta ɗauki sauran, ɗaya bayan ɗaya ana kora su kara, kasuwar dabbobi. Da Inna ta rasu ba ko ɗan maraƙi a bayan gidan. Ba a jima ba kan Baffa ya fara rikicewa. Sai ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba, ya yi alwala ya sake yi, ya tambayi inda Inna ta je. Yayata, Adda, ta dawo gida da 'ya'yanta tana kula da shi, ni kuma ina zuwa duk Asabar.

Ni ma tun ranar da muka kai Inna makwancinta wani abu ya tsaya cak a ƙirjina. Ban yi kuka ba ranar, na ce zai zo daga baya, bai zo ba. Ina ci, ina salla, ina aiki, in an ba da labarin ban dariya ina buɗe baki. Amma in ka tambaye ni me nake ji, gaskiyar magana ba na jin komai. Zuwan Asabar ɗin ma haka nake yin sa kamar yadda nake duba man janareto, abu ne da ya kamata a yi.

Wata Asabar muna zaune a rumfa, Adda tana dama fura, ta ce, "Kai, wai har yau ban gane abin da kake yi a Maigatarin nan ba. Ɗan kamasho ne kai ko mai gadi?"

Don in ba ta dariya na ce, "Kiwo nake yi. Uwar garke nake kula da ita, ba ma guda ɗaya ba."

Baffa, wanda tun zuwana yake kallon yatsun ƙafarsa, ya ɗago kai. Bai tambaye ni ko su nawa ne ba, makiyayi ba ya ƙirga wa mutum dabbobinsa. Cewa ya yi, "Na wane ne?"

"Na kamfani ne, Baffa."

"To," in ji shi. "Kiwon wani ma kiwo ne. Ni ma da shi na fara."

Na ce masa wasa nake yi, injuna ne na ƙarfe, suna ne kawai aka ba su. Ya gyaɗa kai kamar ya gane. Da na dawo mako mai zuwa, tun ban kafe babur ba ya ce, "Yaya ka baro dabbobin?" Na sake yi masa bayani, ya sake gyaɗa kai. Na yi haka har na gaji. Daga ƙarshe Adda ta ja ni bayan ɗaki ta ce, "Don Allah ka ƙyale shi. Tun ranar da ka faɗi maganar nan yake cinye tuwonsa. Me zai rage ka da shi?"

Ba abin da zai rage ni da shi, sai na ƙyale shi. Abin mamaki ma ban cika buƙatar yin ƙarya ba. In ya ce, "Suna ci?" sai in ce, "Ci kai, Baffa, dare da rana, ba sa ƙoshi." In ya ce, "Zafin nan fa?" in ce, "Ba sa son zafi ko kaɗan, in ya yi yawa kwantawa suke yi." Ya tambaye ni launinsu na ce baƙaƙe ne, ya girgiza kai ya ce ai dole, baƙar saniya rana tana wahalar da ita, in riƙa nema musu inuwa. Abu ɗaya ne bai ji daɗinsa ba, da ya ji a Gumel nake kwana.

"Ka bar dabba a wani gari kai kana barci a wani? Wa ya koya maka wannan?"

Adda kuwa ta samu abin tsokana. Duk zuwana sai ta leƙa jakata ta ce, "Yau ma ba nono? Waɗannan shanun naka rowa gare su."

A masallacin unguwa Baffa ya shaida wa kowa cewa ɗansa ya koma kiwo. Mutane sun san halin da yake ciki, sai su ce masha Allah. Lokacin da aka sa ni makaranta bai hana ba, amma bai taɓa tambayata abin da ake koya mana ba, ko sau ɗaya. Yanzu ga shi yana jiran Asabar, yana sa a share masa tabarma tun hantsi, yana ajiye min shawarwari: kada in bari su sha ruwan kududdufi, in riƙa duba kofatonsu, in samo kanwa mai kyau daga tsallaken iyaka. Yakan manta sunan jikokinsa, amma bai taɓa manta garkena ba. Ni dai ina amsa masa da to, Baffa, in sha Allahu, Baffa.

A can wurin aiki kuwa garken ya zama kaya. Wutar gwamnati sai ta ga dama take zuwa, janareto ne ke ɗauke da ɗakin kusan koyaushe, yana shan gas kamar rijiya. In ya tsaya a tsakiyar rana, kafin a tayar da ɗan'uwansa ɗakin ya ɗau zafi, injunan su fara kashe kansu, direbobi su cika harabar suna zage-zage da Hausa da Faransanci saboda takardunsu sun maƙale. An kafa faifan sola a rufin ginin, amma ƙarfinsu bai kai ya riƙe ɗakin ba. Manaja ya gaji, ya ɗauko wata injiniya daga Kano.

Mace ce mai ƙarancin magana. Ta yini guda tana duba injunan, sannan ta kira ni ta nuna min a allo. Kowace saba aiki ɗaya aka ba ta: wannan ta bayanan motoci, waccan ta saƙonni, waccan ta ma'aikata. Kowace ɗan abin da take amfani da shi na ƙarfinta bai taka kara ya karya ba, amma wuta kuwa tana ja kusan kamar mai aiki tuƙuru, tana fitar da zafi, zafin kuma sai an ƙona wani gas ɗin kafin a sanyaya shi.

"Tirela ce kuke tayarwa don buhu ɗaya," in ji ta. "Kuma tireloli fiye da goma."

Abin da za a yi shi ne a kawo injuna biyu masu ƙarfi, a sa musu wata manhaja da ke raba cikin inji ɗaya gida-gida, kamar gidan haya mai ɗakuna. Sai a kwashe kowace tsohuwar saba, da duk abin da ke cikinta, a zaunar da ita a ɗaki guda. Ita a ganinta har yanzu tana da jikinta, ma'aikata ma ba za su ga bambanci ba, alhali ba ta da jiki, haya take yi a cikin wani. In ɗaya daga cikin injunan biyu ya sami matsala, 'yan hayarsa su koma cikin ɗayan. Tsofaffin kuma a kashe su.

Aikin ya burge ni a ka, ban da a zuci. Muka yi makonni muna kwasa, ɗaya bayan ɗaya, muna gwadawa, muna barin tsohuwar a kunne ko da wani abu zai faru. Injiniyar ta koma Kano ta bar min ƙarshen aikin, tana bi ta waya.

Ranar da ta kira ni ina gida ne, Asabar, bayan la'asar. Baffa yana kishingiɗe a tabarmarsa idonsa a lumshe, na ɗauka barci yake yi, shi ya sa ban tashi daga wurin ba. Ta tambaye ni inda aka kwana.

Na ce, "An gama, ranki ya daɗe. Na kwashe duk abin da ke cikinsu, ba wadda na bari da komai. Ranar Litinin zan kashe su gaba ɗaya. Dama ci kawai suke yi ba amfanin komai."

Ta ce in tabbatar na bi su a hankali, kada in kashe su lokaci guda. Na ce ɗaya bayan ɗaya zan bi su. Muka yi sallama.

Da na juyo Baffa yana zaune. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar rasuwar Inna.

"Me za ka kashe?"

"Baffa, injunan nan ne..."

"Kashewa ka ce. Ba ka ce yankawa ba," in ji shi. "Kashewa, kamar kare? Ka zubar musu da ciki, sannan ka kashe su, su zama mushe?"

A gidanmu ba a taɓa haɗa kalmar nan da saniya ba. Saniya ana yanka ta, da bisimilla, a fuskantar da ita gabas, ko ta mutu da kanta a ce an yi hasara. Uwar garke kuwa ko yankan ma ba a kai ta sai in babu yadda za a yi. Ni kuma na shekara da shekaru ina kashe fitila, ina kashe waya, ina kashe janareto, har na manta kalmar tana da jini a jikinta.

Na durƙusa a gabansa na ce, "Baffa, ka saurare ni. Ba shanu ba ne. Ƙarfe ne, da waya, da wuta. Kamar yadda ake kashe rediyo. Na sha faɗa maka."

"Ka ce min suna ci."

"Wuta suke ci."

"Ka ce baƙaƙe ne. Ka ce ba sa son rana."

Duk na faɗa. Adda ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ita ma ta sa baki, tana rantsuwa cewa injuna ne. Bai ko kalle ta ba. Ya juya zuwa Fulatanci, ya yi magana mai tsawo a hankali, rabinta ban kama ba, abin da na kama shi ne yana tambayar Allah abin da ya yi da ɗansa ya zama haka. Sannan ya kwanta ya juya mana baya.

Adda ta ce in tafi kawai, kafin gobe ya manta. Ni ma haka na zata. Mutumin da ke manta ya ci abinci kafin a ɗauke kwano.

Ranar Litinin na shiga ɗakin na yi abin da aka ce in yi. In kashe ɗaya, in fita in zagaya ofisoshi in ga ko wani zai ɗago kai ya ce aikinsa ya tsaya, ba wanda ya ɗago, in dawo in kashe ta gaba. Ƙugin yana raguwa kaɗan-kaɗan. Da na kashe ta ƙarshe sai na ji ƙarar takalmina a kan siminti, abin da ban taɓa ji ba a ɗakin. Na kashe na'urorin sanyi na bar guda ɗaya. Wajen azahar mai kula da janareto ya kashe shi, sola ta ɗauki ginin ita kaɗai, harabar ta yi tsit har ana jin kukan tumaki daga bayan katanga. Manaja ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi, ya dafa kafaɗata ya ce na yi ƙoƙari. Na ce na gode. Na tsaya ina jira in ji daɗi, ko in ji wani abu game da Baffa, ko ma mene ne. Na cire rigar sanyin na rataye a ƙusa na je na ci shinkafa da wake.

Baffa bai manta ba. Adda ta kira ni a tsakiyar mako ta ce ya daina cin abinci sai an yi da gaske, ya daina zuwa masallacin unguwa, wai kunyar mutane yake ji. Yana ta tambayarta ko an binne su ko an bar wa ungulu. Da na zo Asabar na gaishe shi ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo, bai tambaye ni komai ba. Na zauna har rana ta yi sanyi na tashi na tafi.

Sai na yanke shawarar da a lokacin na ga ita ce mai hankali: in kai shi ya gani da idonsa. Na nemi izinin Manaja, na ɗauki shatar wata ƙaramar mota, muka sa masa farar rigarsa da hula, Adda ta zauna kusa da shi a baya. Ban yi tunani ba na zaɓi ranar kasuwa. Tun kafin mu shiga Maigatari hanya ta cika da shanu da raƙuma ana kora su kara, wasu daga tsallaken iyaka, manyan bijimai masu ƙaho kamar a zana. Baffa ya manna fuskarsa a gilashi. Yana ta motsa baki, ina jin yana kiran launinsu ɗaya-ɗaya da Fulatanci.

A ƙofar ɗakin ya cire takalmansa, na ce ba sai ya cire ba, bai saurare ni ba. Muka shiga. Kantocin nan duk wayam, an riga an sauke tsofaffin injunan an kai sito. Sai guda biyu a tsakiya, ƙananan fitilunsu suna ƙyaftawa.

Na ce, "Baffa, ka gani? Nan ne nake aiki. Waɗannan su ne uwar garken da nake faɗa maka. Waɗanda na kashe ma irinsu ne, kuma duk abin da ke cikinsu yana nan cikin waɗannan biyun, ba abin da ya ɓata. Taɓa ka ji, ƙarfe ne."

Na kama hannunsa na ɗora a jikin injin. Ya bar shi a wurin kaɗan, ya janye. Ba injin yake kallo ba. Ƙasa yake dubawa, kusurwa-kusurwa, ya kalli kantocin da ba komai, ya shaƙi iskar ɗakin.

"Ko kashinsu babu," in ji shi a hankali. "Ko turke."

"Baffa, dama ba a taɓa..."

"Ba su bar maka ko ɗaya ba?"

Ya matso ya kama hannuna da hannayensa biyu, yana kallona kamar yadda ake kallon wanda aka yi wa gobara. Fushin ya tafi, abin da ya maye gurbinsa ya fi fushin nauyi.

"Sa ka aka yi," ya ce. "Na gane. Dabbar wani ce, mai ita ya ce a kashe. Shi ya sa ka rame."

Adda ta juya ta fita, na ji tana fyace hanci a baranda. Ni kuwa ina tsaye ina lura da cewa ya bar ƙofa a buɗe, sanyi yana fita.

Bayan wannan jikinsa ya ƙara yin ƙasa, kansa ma haka. Wata safiya Adda ta kira ni tana haki, ta ce an tashi ba a ga Baffa ba, sandarsa ma ba ta nan. Kafin in kai Sule Tankarkar ta sake kira ta ce an gan shi. Yana rugar ƙaninsa, tafiyar da ko mai lafiya sai ya huta a hanya. Wannan ƙanin nasa, da muke kira Baffa Ƙarami, shi kaɗai ya rage da shanu a danginmu. Na juya babur na bi ta cikin yashi.

Baffa Ƙarami ya tare ni tun daga nesa, ya ja ni gindin wata aduwa kafin in ƙarasa.

"Karsana ya zo aro," in ji shi. "Don kai."

Akwai wannan al'ada a wurinmu, 'yan'uwanmu na tsallake suna ce mata habbanaye. In garken mutum ya ƙare, ɗan'uwansa yakan ba shi aron karsana, ya riƙe ta har ta haihu, ya ɗauki 'ya'yan ya mayar da uwar. Da haka ake tayar da wanda ya faɗi. Lokacin da shanun Baffa suka ƙare, wannan ƙanin nasa ya kawo masa har gida, ya ƙi karɓa, ya ce shi bai kai nan ba.

Na ce, "Baffa Ƙarami, ka san fa ba wasu shanu. Injuna ne. A ɗaki ɗaya nake haya a Gumel, ina zan kai karsana?"

"Na sani. Yayarka ta faɗa min tuntuni." Ya kalli gefe. "Yayana ne ya zo da ƙafarsa, ya tsuguna a gabana, a gaban 'ya'yana. Tun da nake ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a salla. Kai kana ganin zan ce masa injuna ne? In ka ga dama ka bar ta a nan, ni zan kiwata maka. Amma yau sai ka karɓi igiyar nan daga hannunsa."

Muka ƙarasa. Baffa yana zaune a kan turmi da aka kifa masa, ƙafafunsa sun yi futu-futu, ƙaya ta yage masa gefen riga. A hannunsa akwai igiya, a ƙarshenta wata jar karsana tana tsinkar ciyawa. Ya naɗe igiyar a hannu sosai har yatsunsa sun yi fari. An ce tun da aka ba shi ya ƙi saki, ko ruwa da hannu ɗaya ya sha.

Na tsuguna na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambaye ni gajiya, ya tambaye ni mutanen gida. Sannan ya ƙura min ido.

"Kai daga ina?"

Na ce, "Daga Maigatari, Baffa."

"Alhamdu lillahi. To ka san yarona? Yana can yana kiwo. Dogo ne kamar kai, ba ya son magana."

Baffa Ƙarami ya motsa zai yi magana, na ɗaga masa hannu.

"Na san shi," na ce.

"Hasara ta same shi. Ba laifinsa ba ne, sa shi aka yi." Ya fara warware igiyar daga hannunsa, a hankali, zagaye bayan zagaye, ta bar masa shaida a fata. "Ka kai masa wannan. Ka ce ta ƙanina ce, aro ce, ya riƙe ta da kyau. Kada ya bar ta a wani gari shi yana wani."

Ya sa min igiyar a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kanta da nasa. Hannunsa da zafi. Karsanar ta ja, na ji nauyinta har kafaɗa, na riƙe.

"Kuma ka ce masa ya zo gida. Tun da abin ya faru bai zo ba, na san kunya yake ji. Ka ce masa ban yi fushi ba. Za ka iya riƙe wannan?"

Na yi ƙoƙari sau biyu kafin magana ta fito, kuma da ta fito ba muryata ba ce.

"Zan faɗa masa, Baffa."

"Yawwa," in ji shi. "Allah ya yi maka albarka. Ka bi da ita ta inuwa."